Ranar da Ɗaso Ta Ɗaure Hancinta

Duk amaryar da aka fitar daga lungunmu na Utaibiyya a Makka a wajejen 1964, da sarƙar furen Ɗaso a wuyanta ta fita. Ɗaso Bakanuwa ce, ta zo Hajji ta hanyar Sudan ba ta koma ba. Kullum da sassafe ake sauke mata kwandon wardin Ɗa'ifa da farin furen nan da Larabawa ke kira full, ta zauna bakin ƙofa da allura da zare. Halinta guda: ba ta soke fure sai ta kai shi hanci.

Wata rana Bibi Zulekha, tsohuwa 'yar Indiya da ke zaune a unguwar Shisha, ta zo neman sarƙar bikin jikarta Rumasa'u, wanda za a yi washegari. Nan take Ɗaso ta jawo kwandonta, don ta daɗe tana son Indiyawa su san hannunta. Ta zaɓo wardi don gwaji, ta shinshina, ta soke. Tsohuwar ta dafe ƙirji.

"La, la, ya ukhti! Kin shanye ƙamshin!"

"To da me zan gane mai kyau, Hajiya? Da kunne?"

Da gurgun Larabcinta Bibi ta yi bayani. A gidan Hindu aka haife ta, daga baya ta musulunta. Mahaifiyarta kan yi wanka ta tsinko fure ta kai gaban abin bautarsu, kuma ba ta bari kowa ya shinshina, domin ƙamshin farko na wanda aka kai wa ne. A wurinsu fure kamar zuciya yake, a buɗe ake miƙa shi, ba a rage komai. A zanen da ke bangon ɗakin uwar ma, abin bautar a kan furen bado yake zaune, don daga taɓo yake fitowa amma fes.

"Bado? Na tafkin garinmu?" Ɗaso ta tafa hannu. "Mu ai 'ya'yansa muke ci!"

Bibi ta yi dariya, sannan ta ce, "Allah ɗaya nake bauta wa. Amma kyauta, haka uwata ta koya mini. Rumasa'u nake so ta fara jin ƙamshin. In ba za ki iya ba, in nemi wata."

"Wata? A Makkan nan? Wallahi ni zan yi!"

Da safe sai ga Ɗaso ta naɗe hanci da baki da mayafi. Maƙwabciyarta Zinariya ta leƙo.

"Yaya Ɗaso, mura ce ko fashi za ki?"

"Zauna nan, 'yar nema. Hannuna na yin sama, ki make shi."

Zinariya kuwa ta yi ta make shi, tana ƙyaƙyatawa, har bayan hannun ya yi zafi. Da ido da ɗan yatsa Ɗaso ta yi zaɓen, tana tsaki, tana salati, ba ta san ko furen na da ƙamshi ko babu ba. Ta rufe sarƙar da jiƙaƙƙen ƙyalle ta shiga tasi, hanci a ɗaure.

A Shisha Bibi ta yaye ƙyallen ta rataya wa jikarta sarƙar. Rumasa'u ta sunkuya ta shaƙa, ta lumshe ido, ta sake shaƙa. Matan Indiya suka kewaye Ɗaso suna tambayar lungunta.

"Tukuna!" in ji Ɗaso, tana fisge mayafin. "Amarya ta gama? To ku matsa, layina ne!"