Waken da Ka Kulle a Kabad

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, muna tsaye a taron safe shugaban makaranta ya sanar da mu rasuwarka, Malam, bayan gajeruwar jinya. Ni da muke tebur ɗaya da kai a ɗakin malamai, har yau na kasa ajiye jakata a ɓangarenka.

Baban Ganye ɗalibai suke kiranka, kana sane, har amsawa kake yi. Duk shekara sababbi sukan zo ajin Bayoloji da yaƙinin cewa ƙasa tsiro yake ci. Ba ka taɓa yi musu dariya ba. Sai ka tambaye su ina ramin da bishiyar bakin ƙofa ta bari, in dai ƙasa ta ci ta yi wannan girma. Sannan ka tafasa ganye, ka ɗiga masa aidin, ya yi baƙi, ka ce ga abincin nan, ganyen ne ya haɗa shi daga ruwa da iska da hasken rana. Ni ma ina sabuwar malama, a keɓe ka gyara mini kuskurena, ba wanda ya ji.

Kafin ka kwanta jinya ka shuka wake a gwangwani biyu. Ɗaya ka ajiye a taga, ɗaya ka kulle a kabad ɗin ɗakin gwaji, ka tafi da makullin. Na taga ya bushe, babu mai ba shi ruwa. Sai yara suka fara gudun kujerun baya na ɗakin gwajin, suna cewa wani farin abu yana leƙowa ta tsagar ƙofar kabad.

Da ƙaninka ya kawo makullin, a gaban yaran na buɗe. Tsiron ya yi tsawo, siriri, fari kamar ƙashi, ya bi bangon katako har ya zura kansa waje. Ƙasar gwangwanin da danshinta.

Wata ɗaliba ta ce a hankali, “Malama, na rana ya mutu, na duhu yana raye. Wa yake ba shi ruwa?”

Na amsa yadda na san za ka amsa: abincin da ke cikin ƙwayar yake ci, rufin ne ya hana danshi ƙafewa, kuma da an ƙara kwanaki da ya mutu. Suka rubuta. Ban nuna musu cewa kan tsiron ba taga ya fuskanta ba, kujerar da kake zama a ɗakin ya fuskanta. Ina gaya wa kaina a nan tsagar take.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka, Ya yalwata makwancinka. Ga mahaifiyarka da maiɗakinka da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.