Kabarin ɗan Togo

Ƙasar Arlit ba ta karɓar gawa da sauƙi. Taki biyu za ka haƙa ka tarar da dutse, diga ta riƙa tsalle tana dawo maka. Shi ya sa a kartiyenmu, wato unguwarmu, in aka yi rasuwa, kafin a nemi likkafani ake aikawa garajin wani bakanike ɗan Togo, domin shi kaɗai ke da injin fasa dutse. Kirista ne, da gicciye a wuyansa, bai taɓa ɓoye shi ba. Zai rufe garaji, ya ɗora injin a bayan tsohuwar motarsa, ya fasa mana dutsen, sannan ya koma gefe ya cire hula har mu gama. Tare muka yi aiki a kamfanin ma'adinai, ni ina tuƙa babbar motar kamyo, shi yana gyarawa yana zagina a kan birki.

Tari ne ya kashe shi, irin wanda ke cin mutanen rami bayan sun ajiye aiki. Lokacin 'yan cocinsu sun watse. Tun da aka fara satar Turawa, aka kuma ƙona coci-coci a kudu, masu ƙarfi suka kwashe iyali suka koma gida. Saura tsofaffin mata da limaminsu, wanda shi ma da sanda yake tafiya. Matar mamacin ta zo ƙofar gidana da hantsi, ta tsaya ba ta shigo ba.

"Alhaji, ba ni da mai haƙa."

Na ce, "Madam, koma gida. Kina da shi."

Ina ɗaukar diga da felu sai ga babban ɗana a zaure. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, a gidana yake zaune da iyalinsa. Shekarun nan ya shiga wasu masu wa'azi da suka zo garin da sabon masallaci da lasifika huɗu, ya ɗage wando, ya fara gyara mini sallar da nake yi tun kafin a haifi uwarsa. Su ne suka hana matan kartiye sayen burodi a hannun Madam.

"Baba, ina za ka?"

"Maƙabartar Kirista."

"Haramun ne. Malam ya ce duk wanda ya taɓa jana'izar kafiri ya bi shi. In ka je, wallahi ba ni ba kai."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranar da uwarka ta rasu kana Yamai wajen karatu. Wa kake tsammani ya fasa mata dutse? Malaminka? Matsa mini."

Mu uku muka je: ni, da wani tsohon mahauci mutumin Adar, da wani Buzu direba daga wajen Gougaram. Injin mamacin muka ɗauka, muka sha fama kafin ya tashi, don ba mu taɓa kunna shi da kanmu ba. Muka haƙa yadda hannunmu ya saba: babban rami, sannan ƙaramin rami siriri a cikinsa, daidai kwanciyar mutum a gefensa na dama, fuska alƙibla. Muka share shi tas. Har Ba'adaren yana yabon kansa, wai ko liman aka yi wa wanga kabari sai ya gode.

Rana ta take aka iso da gawar. Sai da aka sauko da ita daga mota muka dubi juna. Akwati ne, ƙato, na katako, da hannuwa a gefe. Mu da muka binne mutane ba iyaka, ko ɗayanmu bai tuna Kirista a akwati yake tafiya ba. Aka gwada, akwatin ya zauna a bakin ƙaramin ramin ya ƙi shiga.

A kan katangar maƙabarta akwai samari wajen goma da suka biyo mu kallo, ɗana a cikinsu. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Allahu akbar! Ƙasa ta ƙi shi!" Suka ɗauka gaba ɗaya. Madam ta durƙushe, ta rufe fuska da gyale.

Ban san lokacin da na diro cikin ramin ba, da gwiwoyin nan nawa da ko ruku'u sai da dabara. Na ce, "Ƙasa ba ta ƙi kowa ba, mu ne jakai! Miƙo injin!" Buzun ya miƙo yana dariya, ya ce wa Madam da Hausarsa ta Buzaye, "Kai yi haƙuri, mijinka babban mutum ne, gida ya yi masa kaɗan." Muka rushe gyaran da muka yi, muka faɗaɗa, ƙura na shiga mana baki. Azahar ta yi muna ciki. Muka fito muka yi taimama, muka yi sallarmu nan bakin katanga a gaban samarin, muka koma rami. Kafin la'asar akwatin ya sauka lafiya lau. Limaminsu ya yi addu'arsu, mu muka koma gefe muka jira, sannan muka mayar da ƙasa.

Masu wa'azin nan ba su bar ni haka ba. An ambace ni a lasifika, an daina kirana ɗaurin aure a wasu gidaje. Wannan ko a jikina. Wanda ya ci ni shi ne ɗana, da ya kwashe kayansa a makon, ya tafi da jikokina. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ban yi nadama ba, kuma ba zan je in tuba a gaban yaron da na yi wa huɗuba a kunne ba.

Yana zaune yanzu bayan tasha. Kowace safiya in na fito, sai na bi ta ƙofarsa na yi sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, domin amsa sallama wajibi ne, shi ma ya sani. Ina ganin takalmansa a bakin ƙofa. Har yau matarsa ce ke amsa mini daga ciki.