Mai Neman Tukunyar da Ba Ta Tasowa

Tun da dattijon nan ya shigo shagon kayan nutso da ke unguwar Aƙiƙ, Zakiru mai tsaron shagon bai ɗauke ido daga kansa ba. Jallabiyarsa ta koɗe, takalminsa ya sha ƙurar unguwar Harra, kuma ko farashi ba ya tambaya. A garin da babu teku, me irin wannan zai yi da tukunyar iskar da masu nutso ke goyawa?

Yana ɗaga ta alminiyam, yana ƙwanƙwasa gindinta, yana ajiyewa da tsaki. Can sai ya rungumi ta ƙarfe kamar jariri.

"Baba, wannan nauyi gare ta," in ji Zakiru. "Ta alminiyam aka fi saya."

"Na sani. In iska ta yi ƙasa, gindin waccan tashi yake, ta kifa mutum. Wadda ba ta tasowa nake so, halas, shi ke nan."

Zakiru ya sake dubansa. Ɗazu ɓarawo yake zato, yanzu tsoronsa kada mutumin ƙasan teku yake nema da gangan.

Dattijon ya auna tsawon tukunyar da yatsu, sannan ya kwatanta wani gajeren baya a iska, wanda ba nasa ba.

"Sundus, 'yata, jibi za ta nutso a tekun Yanbu, ta ƙi hanuwa. Ta alminiyam yayanta ya goya ranar da ruwa ya ci shi, Allah ya jiƙansa."