Ranar da muka yi cankon suna

Na yi shekaru ina rubuta karne a ɗakin awon yara na wata ƙaramar likita, wato asibiti, kusa da Bangi, kuma har yau ina kewar rumfar nan da mata ke jiran layi a cikinta. Karne shi ne ɗan littafin da ake rubuta sunan yaro da nauyinsa da alluran da ya sha. In babu shi, babu allura.

A lokacin ne 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan tsallaken iyaka, jama'a suka kwararo wurinmu. Rumfa ta cika maƙil, amma hira da tsokana ba su ragu ba.

Wata safiya layi ya zo kan wata baƙuwa mai goye da yaro ɗan wata goma. Ko allura ɗaya bai taɓa samu ba, ga ƙyanda ta shigo gari.

Na ce, "Mi as sunanai?"

Ta sunkuyar da kai. Sau uku ina tambaya. Ni kuwa ba a san ni da dogon haƙuri ba, har na fara ɗaga murya.

Sai wata tsohuwa 'yar gari da ta rako jikarta ta daka mini tsawa: "Ke malama, boko ya cinye miki kai! Ɗan hwari na. Ina kinka ga uwa ta hwaɗi sunan ɗan hwarinta?"

Kunya ta rufe ni, don ni ma mahaifiyata har ta rasu ba ta ambaci sunan yayana, ɗan farinta, ba. A al'ada kaka ko ƙanwar miji ke rako mace ta faɗa a madadinta. Ita wannan gudu ya raba ta da kowa nata.

Tsohuwa ta gyara zama kusa da ita, ta shiga jero sunaye ɗaya bayan ɗaya. Sauran mata suka kama, kowa na jefa nata, wata har da sunan tsohon saurayinta, aka kwashe da dariya. Can wata ta ambaci wani suna, sai baƙuwa ta ja gyale ta rufe baki tana murmushi. Guɗa ta tashi. Na rubuta da sauri, aka yi wa yaro allura, ya tsala ihu. Daɗi ya kama ni sosai.

Da za su tafi tsohuwa ta riƙe mata hannu. "Ranar awo mai zuwa ki biyo ta gidana mu taho tare. Ni ka hwaɗin sunanai a madadinki."

Baƙuwar da ban ji muryarta ba tun safe ta ce, "To, inna."