Ƙarƙashin Fatun Malam Habu

Ranar da safe ina goge takalmin makaranta a bakin rijiya. Ina aji biyu na sakandare. Muna haya kusa da Ƙofar Kabuga, mu kaɗai ne Kiristoci a layin. Baba ma'aikacin jinya ne. Ya sha kokonsa, ya yi mana addu'a, muka watse.

Kafin a fita tara aka sallame mu daga makaranta, wai rikici ya tashi a gari. A hanya na ga wata mai awara ta bar kasko a kan wuta, man yana ta tafasa, ba kowa.

Ana kiran azahar hayaƙi ya tashi ta bayan ganuwa. Sai ƙarar gilashi, sai ihu. Malam Habu, maƙwabcinmu mai sana'ar fata, ya faɗo gidanmu. Ban taɓa ganin ya shiga gida ba sallama ba.

"Ku fito! Mota na ƙofa!"

Baba ya ce ba zai hau ba tukuna. Akwai wata tsohuwa makauniya 'yar cocinmu a Ɗan Agundi, shi ke yi mata allura, kuma ba ta da kowa. Mama ta riƙe masa riga.

"Ranata tana hannun Ubangiji, Saratu. Ba za a ƙara ba, ba za a rage ba."

"To me ya sa kullum kake sa mu durƙusa?"

"Shi ya ce a roƙa. Ki roƙa mini."

Ya zare hannunta ya fita.

Muka kwanta a bayan a-kori-kurar, ni da Mama da ƙanwata Rahila. Malam Habu ya jibga mana ɗanyun fatu. Gishirinsu yana shiga idona. Leɓen Mama yana daidai kunnena, tana ta ambaton sunan Baba ba murya.

An tare mu sau ɗaya.

"Tsaya! Me ka ɗauko?"

"Fata ce, ku buɗe mana."

Wani ya ɗaga gefe, wari ya buge shi, ya saki. Na ga ƙafarsa kawai. Silifas ɗinsa irin na wani ɗan ajinmu ne, shuɗi.

Bayan la'asar muka isa barikin sojoji, inda mutane ke fakewa. Mama ta ƙi cin abinci. Ta durƙusa a gindin darbejiya, mu ma muka durƙusa. Mijin matar da ke tabarmar kusa da mu ya iso washegari da tsumma ɗaure a ka. Ban ga matar ta yi addu'a ko sau ɗaya ba. Na so in tambayi wani Fasto da ke wurin dalili, kunya ta hana ni. Mama ce ta tambaya. Ya ce Allah ya riga ya san ƙarshe, kuma roƙonmu ma yana cikin abin da ya shirya. Mama ta koma ta durƙusa.

A rana ta uku Malam Habu ya dawo. Ya cire hula, ya tsuguna nesa da tabarma. An tsinci gawar Baba a bakin titi, bai kai Ɗan Agundi ba. Tsohuwar tana raye, maƙwabtanta sun ɓoye ta a ɗakin girki.

"Yaushe?" in ji Mama.

"Ranar. Kafin la'asar."

Lokacin muna ƙarƙashin fatu ke nan. Mama ta duba gwiwoyinta da suka yi baƙi da ƙasa. Ta karkaɗe na Rahila, ta karkaɗe nawa, ta ce mu je mu karɓo abinci.