Sarakunan Rum da Yaya Haruna Ya Tara

Yau shekara arba'in da uku ke nan da rasuwar yayana Haruna, amma har gobe in na ga tsohuwar kwandala sai na tuna da shi.

Karatu ya kawo mu Landan, lokacin da kuɗin mai ya buɗe a gida, alawus na zuwa mana ba fashi. Abokanmu na ta sayen rediyo da kwat, shi kuwa duk Asabar sai ya hau bas daga unguwar Edmonton zuwa shagon wani tsoho mai sayar da kuɗin azurfa na sarakunan Rum. 'Yan mitsi-mitsi ne, sun yi baƙi don tsufa. Ni kam tsiya nake masa: likita guda, ya ɓige da tsintar kuɗin matattu!

Amma fa ya san su. Ko rubutun ya goge, da ya karkata ɗaya wajen taga zai ce wannan mai gemun shi ya gaji wancan mai dogon hancin, wannan kuwa bai ɗumama kujera ba sojojinsa suka kashe shi. Ya hana a wanke su, wai baƙin nan ne shaidarsu. Burinsa ya kai su wata jami'a a gida, yaranmu su riƙe su da hannunsu.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi yana bakin aiki. Matarsa ta koma Kano da akwatin tsoffin kuɗin nan nasa. Wajen rabon gado aka ce ai azurfa ce, ga kuma surar mutane a jiki, bai kyautu a ajiye a gida ba. Aka aza a sikeli, aka miƙa wa maƙeri. Kafin in iso sun zama awarwaro.

Wallahi ban ga wanda zan kama da laifi ba, shi ya fi ci mini rai. Da yana raye, me zai ce? Jami'ar da yake wa tanadi ma, rufin ɗakin karatunta yoyo yake.

Rannan a unguwar Barking, nan Landan, wajen wani bikin suna, na ga ɗaya daga cikin awarwaron nan a hannun jikar Haruna. Na ce, "'Yar nan, kin san su wa kike ɗauke da su?" Ta amsa da Turanci, wai na kakarta ne. Na buɗe baki zan jero mata sarakunan, sai na tarar ko ɗaya ban riƙe sunansa ba. Na ce mata Haruna kaɗai ya san su. Ta tambaye ni wane ne Haruna.