Bunsuru a Shafin Hajiya

"Ɗana, wa ya cire hotona ya sa na bunsuru?" Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ke nan a waya, da sassafe.

Ni da abokina Sule muka gina mata shafin oda a intanet. Na leƙa sabar, kwamfutar da ke ɗauke da shafin, fayiloli duk suna 777, wato kowa na da izinin canja su. Na kulle su, muka tura gyara, sai fayilolin suka sake buɗewa. Ashe Sule ne ya sa hakan cikin umarnin da ke tura gyara zuwa sabar.

Ya ce, "Chale, abokina, mu 'yan unguwar Nima, yaushe muka fara rufe wa baƙo ƙofa?"

Na ce ya je ya faɗa wa Hajiya da bakinsa. Kwana uku ke nan yana gudun haɗuwa da ita, bai ci waakye ba.

Jama'a, in kai shi wurinta, ko yunwa ta kai shi?